Asun Ciyawa a Kusurwar Verna

A tuddan gabashin Kansas, Afrilu watan wuta ne. Da zarar sanyi ya ja baya, masu kiwo sai su cinna wa filayensu wuta daga shinge zuwa shinge. Tsohuwar ciyawa ta ƙone, sabuwa ta fito kore shar kafin manyan motoci su kawo maruƙa daga kudu. Ba mai ƙona nasa shi kaɗai. Maƙwabta ke taruwa, yau filin wannan, gobe na wancan, matar gida kuma ta ciyar da kowa.

Verna Pracht ta ga Afrilu arba'in da ɗaya a gidan mijinta. Wannan ne na farko da babu Harlan. Ya rasu a watan Yunin bara, ya bar mata eka ɗari shida da arba'in na ciyawa, da tsohuwar tarakta, da ƙaninsa Delmer, wanda gidansa ke hayin rafi.

A can ƙarshen filin ta arewa akwai wata kusurwa mai gangare, eka bakwai, wadda hanyar shanu ta ratsa zuwa wani marmaro. Shekara uku wuta ba ta taɓa ta ba. Harlan ne ya jibge itacen shinge a wurin da niyyar gyara wayar shinge, ciwo ya riga shi. Kowace shekara sai ya yanke ciyawa ya kewaye wurin, a jiƙa gefen da ruwa, wuta ta wuce. Bayan jana'iza Delmer ya kwashe itacen ya yi gyaran. Daga nan babu sauran dalilin barin kusurwar.

Dalilin ya zo wa Verna ne a watan Yuli, wata guda da rasuwar. Ta bi ta wurin da ƙafa za ta duba marmaro, sai wasu ƙananan ƙwari suka dinga tashi daga ciyawa a gabanta. Asu ne, amma ba irin mai cin tufafi ba. Tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba, launinsa na ƙaiƙayi, da siririn farin layi a fiffike. Yakan tashi taku uku ko huɗu, ya sauka a kan kara, ya naɗe fikafikansa, sai ya ɓace wa ido. Tana yarinya, idan ta bi mahaifinta a kan doki, haka suke tashi a gaban ƙafafun dokin ko'ina a cikin daji. Ta tsaya tana ƙoƙarin tuna yaushe rabonta da ganinsu. Ta kasa.

Kwana uku ta yi tana zaga sauran filin, ba ta tayar da ko ɗaya ba. Ta kama guda a kwalba ta kai wa malamin gona a gari. Ya duba da gilashi ya ce asun ciyawa ne, ba ya cutar da kiwo. Ya ce a iya saninsa tsutsarsa a gindin tsohuwar ciyawa take shafe hunturu, don haka wutar Afrilu takan same ta a kwance. Idan an bar wani yanki ba a ƙona ba, daga nan suke sake bazuwa. Idan an ƙone duka kowace shekara, ba su da inda za su fito.

Verna ta yanke shawarar barin kusurwar. Abin da ba ta yi ba shi ne faɗa wa kowa. A nan, wanda ya bar tsohuwar ciyawa a filinsa ana ɗaukarsa ko rago ko marar lafiya. Ta san bakin Delmer, ta san bakin mazan da ke zaman shan kofi a shagon abincin dabbobi. Ta gwada maganar a gaban madubi sau biyu: zan bar eka bakwai saboda asu. Ko a kunnenta ba ta yi daɗi ba.

Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, Delmer ya tare ta a bakin mota.

“Matar Yaya, yaushe za mu toya miki filin nan? Ko so kike ya zama dajin Allah?”

“Asabar,” in ji ta. “Akwai maganar da za mu yi kafin nan.”

“In maganar aure ce, na yi miki tsufa.”

“Da ma tun kana yaro ka yi mini muni.”

Ya yi dariya ya tafi. Ranar Litinin ta hau tarakta, ta yanke ciyawa mai faɗin taku biyar ta gefen kudu da gefen yamma na kusurwar, daidai inda Harlan ke yankewa. Ta ce a ranta Juma'a da yamma za ta faɗa masa.

Laraba ta waye da iska mai kyau daga kudu, ba ƙarfi, ba kwana-kwana, irin wadda ake jira mako guda. Verna ta tafi gari wajen likitan ido tun ƙarfe takwas. Delmer ya ga wucewar motarta. Akwai wata al'ada a nan wadda ba a rubuta a ko'ina ba: shekarar farko bayan mace ta rasa miji, maƙwabta ba sa jiran ta kira. Su zaɓi ranar da ba ta gida, su ƙona mata fili, su tafi. Ba a sanar da ita, ba a karɓar godiya. Ya kira Nestor Ybarra, wanda shekara ashirin ke nan yana kiwon shanu tare da shi, ya ce ya cika tankin ruwa. Ya kira Arlo Lindqvist, maƙwabcinsu na kudu, tsoho ɗan shekara saba'in da takwas mai nauyin kunne.

Da suka iso arewa Nestor ne ya fara ganin yankan.

“Maigida, ka ga ta kewaye wurin nan. Ko mu bari?”

Delmer ya daɗe yana kallo. “Sabo ne,” in ji shi. “Nan Yaya ke yankewa saboda itace. Ta manta na kwashe. Kada wanda ya tuna mata.”

Suka yi yadda aka saba. Arlo ya tafi kudu a kan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, yana jan bututun ƙarfe mai ɗigar da wuta, zai cinna babbar wuta wadda iska za ta koro. Delmer da Nestor suka cinna ƙarama a jikin shingen arewa. Ita wannan gaba da iska take ci, a hankali, don idan babbar ta iso ta tarar da baƙar ƙasa ta mutu. Kusurwar ce abincinta na farko.

Verna ta hango hayaƙin tun tana mil shida daga gida. Hayaƙi a Afrilu ba labari ba ne. Sai da ta hau tudun ƙarshe ta gane daga inda yake tashi. Ba ta bi ta gida ba. Ta buɗe ƙofar fili ta bar ta a buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ratsa ciyawa da mota, idanunta na ruwa saboda maganin da likita ya ɗiga mata.

Delmer na jingine da manjagara lokacin da ta tsaya. Ya cire hula ya yi murmushi.

“Kash, an kama ɓarayi. Matar Yaya, ba a ce sai la'asar za ki dawo ba?”

“Kashe ta.”

“Me?”

“Wutar nan. Delmer, kashe ta.”

“Haba, ba komai, ai aikinmu ne. Ki je gida ki ɗora mana tukunya.”

“Ba ka ga na yanke ba?”

Ya kalli Nestor, ya sassauta murya. “Na gani. Verna, itacen ba ya nan. Tun bara na kwashe.”

“Na san ka kwashe! A gabana ka kwashe, har ka fasa mini fitilar tarakta. Ka ɗauka hankalina ne ya tafi?”

“To mene ne a ciki?”

Wutar ta riga ta cinye kusan rabin kusurwar. Tsayinta bai wuce gwiwa ba, amma ciyawar shekara uku ce, tana ci da ƙara. Daga kudu kuma hayaƙi ya fara tashi fari, mai faɗi. Verna ta kalli ƙasa.

“Asu.”

“Wa?”

“Asu. Asun ciyawa. Tsutsarsu na gindin ciyawar nan. Duk filin babu inda suka rage sai nan.”

Nestor ya juya baya kamar mai duba tayar mota. Kafaɗunsa na rawa. Delmer bai ɓoye tasa dariyar ba.

“Asu! Yau na ji abin da ya fi ƙarfina. Mutum uku da tankin ruwa, saboda abin da ake kashewa da jarida? Me likitan nan ya ɗiga miki?”

“Ka gama dariyar daga baya, zan taya ka. Filin wane ne?”

Ya juya hularsa a hannu.

“Na ce filin wane ne, Delmer?”

“Naki.”

“To na ce a kashe.”

Ya mayar da hularsa. Ya dubi hayaƙin kudu, ya ɗaga hannu ya ji iska. Fuskarsa ta koma ta aiki.

“Me ya hana ki faɗa tun Lahadi?”

“Wannan dariyar.”

Ya ciro waya ya kira Arlo. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. “Kurman banza,” in ji shi. “Ko a gida ba ya ji, balle a kan babur. Ya riga ya cinna. Muna da minti ashirin, in iska ta yi mana kirki. Nestor, bar dariya, kai motar kan hanyar shanu. Abin da ke arewa da hanyar ya tafi, kada ka ɓata ruwa a kansa. A kan hanyar za mu tare ta.”

“Uwar gida,” in ji Nestor yana hawa mota, “in sun tsira a sa wa ɗaya sunana.”

Hanyar shanun faɗinta bai fi taku ɗaya ba, amma ƙasa ce tsura. Nestor ya tuƙa a hankali, Delmer na biye da tiyo yana jiƙa ciyawar da ke kudu da hanyar. Verna ta ɗauko buhu biyu daga bayan motar ta tsoma a bokiti. Da wutar ta iso hanyar sai ta rage tsawo, ta tsaya tana lasar gefe. A wuri uku ta tsallaka. Verna ta kashe biyu da buhu, da takalmin zuwa gari a ƙafarta. Na ukun ya ci kamar faɗin ɗaki kafin Delmer ya iso da ruwa.

“Saura babbar,” in ji shi yana haki. “Wannan ɗan yankan naki ba zai tare ta ba. Tsallake shi za ta yi kamar ba ta gani ba.”

“Haka Harlan ke yankewa.”

“Yaya na yankewa, sannan ya ƙona bayan yankan. Ke kin ga rabin aikin ne ta taga.”

Ya karɓi ashana wajen Nestor. Suka jiƙa yankan, sannan ya bi gefensa na waje yana cinna wuta, taku biyar ya tsuguna, taku biyar ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara. Sabuwar wutar ta fara ci zuwa kudu, tana barin baƙar ƙasa tsakaninta da kusurwar. Taku goma. Taku goma sha biyar. Ruwan tanki ya ƙare daidai lokacin da suka fara jin rugugin babbar.

Ta haye tudu da tsayin mutum, barewa biyu na gudu a gabanta. Hayaƙi ya rufe su, kowa ya kare fuska da hannun riga. Zafin ya ɗauki kamar minti guda. Da wutar ta zo bakin baƙar ƙasa sai ta faɗi, kamar an janye mata tabarma. Tartsatsi kawai ya tsallako. Su ukun suka bazu cikin ciyawa da jiƙaƙƙun buhuna, duk inda hayaƙi ya ɗago a doke shi. Sun kashe tara.

Da iska ta share hayaƙin, fili ya yi baƙi ƙirin har iyakar gani. A tsakiyar baƙin ga wani yanki na busasshiyar ciyawa mai ruwan zuma, tsakanin hanyar shanu da yankan. Delmer ya auna da ido.

“Eka biyu. Da ɗan ɗori.”

“Cikin bakwai,” in ji Verna.

“Cikin bakwai.”

A nan suka ji ƙarar babur. Arlo ne, fuskarsa duk toka, bututun na biye da shi yana ɗigar da wuta. Ya hango ciyawar da ta rage, ya girgiza kai, ya juya kan babur ya nufo ta kai tsaye. Delmer ya sheƙa a guje, abin da ba a ga ya yi ba cikin shekara goma, ya tsaya a gabansa ya buɗe hannuwa.

“Kun bar wuri!” in ji Arlo da ƙarfi. “Maza biyu, ɗan wannan ya gagare ku? Matsa in ƙarasa!”

“A bar shi!”

“Eh, shi nake nufi, kun bar shi!”

Delmer ya miƙa hannu ya zare makullin babur ɗin, ya sa baki a kunnen tsohon. “Na asu ne!”

Arlo ya dubi Delmer, ya dubi Verna da ke tsaye da buhu a hannu, rigarta ta zuwa gari ta ƙone a wuri biyu.

“Ƙananan nan masu tashi gaban doki?”

“Su,” in ji Verna.

“Af. Na ɗauka idona ne ya daina ganinsu.” Ya sauka ya taka bakin bututun ya kashe. “Maƙwabciya, akwai abinci ko shi ma an bar wa asun?”

Ba ta shirya komai ba, tun da ba a gaya mata ba. Ta ɗumama miyar wake da nama da ta rage tun Litinin, ta soya ƙwai, ta yanka burodi. Suka ci a baranda. Nestor ya ba da labarin gudun Delmer sau biyu, kowane karo gudun na ƙara tsawo. Ba ta yi musu godiya ba, su ma ba su ba ta haƙuri ba. Da za su tafi Delmer ya tsaya a kan matakala.

“Kin san gobe duk shagon zai ji.”

“Daga bakinka.”

“Daga bakin Arlo. Shi da ba ya ji, ba ya kuma yin shiru.”

Shagon ya ji. Mako uku ana tambayarta lafiyar garkenta, ko za ta yi musu lamba a kunne kamar maruƙa. Tana amsawa da cewa suna gaishe su. Daga baya farashin shanu ya faɗi, aka sami wani abin magana.

Maruƙa suka iso a farkon Mayu, suka bi sabuwar ciyawa, ba su kula tsohuwar ba. Daga ranar ɗaya ga Yuli Verna ta fara zuwa kusurwar kowace yamma. Takan ratsa eka biyun daga hanyar shanu zuwa yankan, ta dawo, tana jan ƙafa cikin ciyawa. Kwana takwas ba ta tayar da komai ba sai fara. Ta fara tunanin ko zafin ranar nan ya ratsa har gindin ciyawar, ko kuma a ɓangaren da ya ƙone suke tun farko.

A rana ta tara ta tarar da motar Delmer a bakin shinge. Yana tsaye yana taɓa wayar shingen.

“Waya na zo dubawa,” in ji shi tun ba ta tambaya ba.

“Wayar da ka ɗaura bara?”

“Aikina ne, dole in zo in yaba.”

Ta shiga ciyawa, ya biyo ta a baya. Sun kai tsakiya ba komai. Kusa da marmaro, inda ciyawar ta fi duhu, wani ɗan abu mai launin ƙaiƙayi ya tashi daga gaban takalminta, ya yi taku uku ya sauka. Ta tsaya cak.

“Ina?” in ji Delmer.

“Kan karan nan. Kansa na ƙasa.”

Ya sunkuya, ya cire tabarau, ya mayar. “Wannan? Saboda wannan na yi kwana huɗu ina shafa wa gwiwa magani?”

“Yi a hankali, za ka taka ɗan'uwansa.”

Suka ci gaba. Kafin su kai yankan ta ƙirga goma sha ɗaya. Delmer ya ce sha uku ne, ita ce ba ta gani, likitan nata na banza ne. A dawowa sai ɗaya ya tashi daga bakin hanyar shanu, ya tsallaka, ya faɗa cikin sabuwar ciyawar da ta fito a inda aka ƙona. Dukansu sun gani.

“Malamin gona ya ce kada a bar wuri ɗaya har abada,” in ji Verna da suka fito. “Itatuwa za su cinye shi. Baɗi a bar wannan tare da na kusa da shi. Idan sun bazu, sai a ƙona tsohon.”

“Wato kowace shekara da sabuwar wahala.”

“Kowace shekara.”

“To wannan karon a sa turaku, a ɗaura jan ƙyalle, a kuma faɗa da baki. Arlo kuwa ke za ki gaya masa, ni maƙogwarona bai warke ba.” Ya dubi gangaren. “Daga ina zuwa ina?”

Ta nuna masa. Ya tsaya a kan hanyar shanu, ya fuskanci arewa, ya fara takawa cikin koren ciyawa yana ƙirgawa da ƙarfi. Da ya kai ɗari ya tsaya ya waiwayo.

“Ƙara hamsin,” in ji ta.

“Matar Yaya, asu ne fa, ba giwa ba.”

“Hamsin.”

Ya gyara hula, ya ci gaba da ƙirga.